Kafin maigida ya tafi cirani: yadda za a tsara aikin gida da na gona don kada ya danne matar da aka bari

Da zarar an ɗaure dami na ƙarshe an kai rumbu, tashoshin Illela, Jibiya, Maigatari, Konni da Tawa sai su cika da maza masu ƙunshin kaya. Wasu Legas da Fatakwal suka nufa, acaɓa ko garuwa ko gadi. Wasu Kumasi da Abijan. Wasu kuma arewa za su yi, Libiya da Aljeriya. A da lissafin a bayyane yake: a tafi bayan kaka, a dawo da ruwan shuka, shi ya sa ma ake ce masa cin rani. Yanzu abin ya sauya. Tun da aka gano zinari a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, da kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023, maza da yawa damina kan same su a can, wasu har biyu.

Mutum ya tafi, amma aikinsa yana nan inda ya bar shi. Sassabe, kai taki, yaɓen soro, ɗaukar ruwa a amalanke, cefane ranar kasuwa, kai yaro asibiti cikin dare, duk suna jiran wanda zai yi su, kuma a mafi yawan gidaje kan matar suke faɗawa. Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne a bar mata aikin ba a bar mata ikonsa ba: makullin rumbu na hannun wan miji, kuɗin aike na shiga wayar ƙanen miji, izinin fita kuma yana Legas. Wannan giɓin shi za a toshe tun maigida bai sa ƙafa a mota ba, kuma kwana biyu ko uku sun isa idan an zauna an yi.

A fara da rumbu

Kada a kimanta hatsi da ido. Dami ba girmansa ɗaya ba, na bana ma ba kamar na bara ba ne. A zaro dami uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuke, a sheƙe, a auna da tiya ko kwanon awo, a raba uku. Abin da ya fito shi ne awon dami ɗaya na wannan shekarar, sai a ninka da yawan damman da ke rumbu bayan an fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina idan ya kai nisabi.

Daga nan sai lissafin baki. Tiya tana ɗaukar kusan kilo biyu da rabi, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Idan aka haɗa manya da yara, mutum ɗaya na cin kusan rabin kilo na hatsi a yini. Gida mai mutum takwas ke nan yana cinye kusan tiya ɗaya da rabi kullum, tiya 45 a wata, wato buhu ɗaya da ɗan ɗori. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da sabon gero ke gab da shigowa, wata goma ne, tiya 450, buhu 11 da tiya goma. Wannan na ci ne kawai. Iri daban, abincin 'yan ƙwadago daban, na suna ko biki da ake sa rai daban. Idan rumbu buhu bakwai ya bayar, to an san tun yau cewa wajen watan Mayu zai ƙare, kuma buhu huɗu da wani abu shi ne aikin farko na kuɗin cirani. Kuɗin farko da ya shigo a Disamba ko Janairu a sayi hatsin nan da shi, saboda a lokacin yake da araha. Wanda ya jira sai rumbu ya yi ƙasa, da bazara da damina zai saya, lokacin da farashi ya fi kowane lokaci tsada.

A ƙauyuka da yawa na yankin Maraɗi da kewaye akwai tsohuwar al'ada: maigida ya rufe babban rumbu da rani, ba a buɗewa sai an fara aikin gandu, mata su ci gaba da ciyar da kansu da yara daga abin da suka noma a gamanarsu, wato 'yar gonar da kowace mace ke noma wa kanta. Hikimar ita ce a tsira da abincin damina. Amma al'adar ta ginu ne a kan cewa mai makullin zai dawo da ruwan farko. Idan bai dawo ba, matar ta cinye nata, ta sayar da akuyarta, ga hatsi a rumbu tana kallo. Saboda haka a raba hatsin gida biyu tun farko. Na rani ya zama a hannunta kacokan. Na damina a rufe, amma a faɗi ranar buɗewa da sharaɗinsa a gaban shaidu biyu, misali maigida ya ce wa wansa: "Yaya, ga makulli. Ranar da aka yi ruwan shuka, ko na dawo ko ban dawo ba, a ba ta. Idan kuma rashin lafiya ta taso kafin nan, a buɗe a sayar da abin da ya isa magani, ba sai an neme ni ba." Inda mata suka kai biyu, a auna wa kowace nata gwargwadon bakunan ɗakinta. Haɗa rabon kishiyoyi wuri ɗaya a ce uwargida ta riƙa aunawa shi ne ƙofar rigimar da ke kai wata yaji kafin bazara.

Wake kuwa ya fi gero saurin lalacewa. A shanya shi ya bushe ƙarau, har sai ya fashe da ƙara in an ciza, a zuba a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Ba a sa masa magani, rashin iska ke kashe ƙwarin. Abu biyu ke ɓata shi: ɓera ya huda leda, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba duk mako. A ware na ci a wata jarka ko tulu daban. Ƙwayar maganin nan mai tururi da ake jefawa cikin buhu kuwa, kada a yarda ta kwana ɗaki ɗaya da mutane, tururinta na kisa.

Gona: a rage ta daidai da hannuwan da suka rage

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a shuke duk gonakin kamar maigida na nan. Shuka ba ta da wuya, mata da yara kan gama ta cikin kwana biyu. Inda ake faɗuwa shi ne noman farko. Gero da dawa na bukatar a nome su cikin mako biyu zuwa uku da tsirowa, a rage su a bar biyu ko uku a rami, sannan maimai ya biyo bayan wasu mako biyu ko uku. Idan ciyawa ta riga fartanya, amfanin ya riga ya ragu, ko da an nome daga baya. Kuma a daidai wannan lokacin kowa ke neman 'yan ƙwadago, kuɗinsu ya hau, su fara da gonar wanda ya biya a hannu. Gayya ma ramuwa ce. Gidan da ba namijin da zai je ta wasu, shi ake zuwa wa a ƙarshe.

To mafita ita ce a zaɓi gona mafi kusa da gida kuma mafi taki a ce ita za a noma. Kuɗin noman farko da na maimai su iso hannun matar tun a watan Mayu, a ajiye su da sunansu, kada a bari sai ciyawa ta fito a fara kiran waya. A yi magana da mai garmar shanu ko shugaban 'yan ƙwadago tun kafin tafiya, da sunan gonar da abin da za a biya. Taki na gida kuma maigida ya kwashe shi ya kai gona kafin ya tafi, ko ya biya mai amalanke, domin ɗaukar taki a ka zuwa gona mai nisa aiki ne da ke karya wuyan mace.

Takin zamani idan kuɗi kaɗan ne, a yi masa sakin rami. Giram 6 na NPK a kowane rami, kusan cikin murfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku suka tsunkuto. Hekta mai rami 10,000 za ta ci kilo 60 na NPK ko kilo 20 na DAP. A sa shi a gefen iri a ƙasa mai laima. Idan ya taɓa irin a busasshiyar ƙasa ƙona shi zai yi. Irin gero mai saurin nuna kamar SOSAT ko HKP ya fi dacewa da irin wannan gida, don yana rage kwanakin yunwar damina.

Sauran gonakin a ba da su aro ko haya, na shekara ɗaya, a gaban mai unguwa ko dagaci, a faɗi iyaka da abin da za a ba gidan a kaka. A Nijar kwamitocin filaye na ƙauye, waɗanda suka samo asali daga dokar karkara ta 1993, suna rubuta irin wannan yarjejeniya, a karɓi takardar a ba matar ta adana. Jingina kuwa a guje ta iya iko. Gonar da aka jinginar don kuɗin motar cirani sau da yawa shekaru take yi ba ta dawo ba.

Sai gayaunar matar, ko gamana kamar yadda ake ce mata a Nijar. Ita ce ke fara mutuwa idan miji ya tafi, domin gandu zai cinye kwanakin da a da take ba ta. Alhali daga nan kuɓewa da yakuwa da gyaɗa da riɗi ke fitowa, daga nan kuɗin sabulu da na adashi. A yanke kwanaki, a ce biyu a mako na gonarta ne, kowa ya ji, har surukai. Idan kuma ita ce za ta tsaya a kan gandu tun daga shuka har girbi, adalci ne a ambaci rabonta a cikin amfanin tun yanzu. A yankunan da tsaro ya taɓarɓare, kamar sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Madarumfa, gona mai nisa a haƙura da ita gaba ɗaya, kada a tura mace da yara.

Ruwa, itace da rufin ɗaki

Jarka mai lita 20 nauyin kilo 20 gare ta. Mutum takwas, ko an yi tsimi, sai sun sha jarka shida zuwa takwas a yini tsakanin sha da girki da wanka da wanki, ban da dabbobi, kuma da bazara rijiya na ja baya. Idan maigida ne ke kawowa a amalanke ko a babur, to ranar da ya tafi sa'o'i da yawa sun hau kan wani. A bar jaki da amalanke a gida, a ɗora wa wani saurayi na dangi a kan lada sananne, ko a yi cinikin wata da ɗan garuwa. Sayar da jaki don kuɗin mota asara ce da matar za ta biya da bayanta.

Kara da itacen wata biyu ko uku a tara su kafin tafiya. Danga, ƙyauren ƙofar gida, masai da indararo a gyara. Yaɓen soro da sabunta jinka aikin bazara ne, don haka a ba magini kafin alƙalami, a faɗa masa watan da zai zo. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan rufi ko rumfa tun tana kore-kore, a ajiye dusa da kanwa. Awaki da tumaki a yi musu allurar rigakafi idan ma'aikatan dabbobi sun zagayo, kaji kuma a ɗiga musu nasu kafin hunturu, lokacin da annobarsu ke share gari. A kuma fayyace wace dabba ce ta maigida, wacce ce tata, da wadda aka yarda a sayar idan ta ɓaci.

A gidajen da ake kulle, matar ba ta zuwa gona ko rijiya, sai a zaci tafiyar miji ba ta ƙara mata komai ba. Ta ƙara, sai dai nauyin ta kan 'ya'yanta mata yake bi. Kuɗin cefane ya yanke, ta ƙara yawan abin sayarwa, yarinya ta ƙara zagayen talla, makaranta ta fara tsallake-tsallake. Maganinsa a naɗa mai cefane tsayayye, a yi ciniki da mai shago ko mai sari ya riƙa karɓar kayan a dunƙule daga gida, a kuma sa talla bayan an tashi daga makaranta, kafin magariba.

Kuɗin aike

Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ba a san ranarsa ba, domin da sananniyar rana ake cin bashin mai shago a biya ba kunya. A tsayar da rana, duk mako biyu ko duk wata. Kuɗin ya shiga hannun matar kai tsaye: layin waya da asusu da sunanta, lambar sirri a kanta ita kaɗai, ba a faɗa wa mai POS ba, ba a ba yaro ya je ya ciro ba. A Nijar kamfanonin aike irin su Nita, Amana da Al Izza suna biya da katin shaida, saboda haka ta mallaki nata kafin tafiyar. Idan dole sai ta hannun wani za a bi, maigida ya aiko mata da saƙon murya yana faɗin adadin da ranar. Ko ba ta karatu, saƙon na nan a matsayin shaida. Rabon Inna, mahaifiyar miji, a aika shi daban da sunanta. Haɗa shi da na matar a ce su raba yana ɓata tsakaninsu a banza.

A kuma yi shirin ranar da hanya za ta toshe, domin tana toshewa. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya sa kuɗi na asusu amma ba a iya cirowa. Gida ya kasance da abin da zai riƙe shi wata biyu ba aike: buhu ɗaya na ajiya da akuya ɗaya da aka ware. Masu damfara kuma sun san gidajen 'yan cirani. Duk wanda ya kira ya ce maigida ya yi haɗari ko an kama shi a turo kuɗi, kada a tura sai an kira abokin zamansa ko sarkin Hausawan wurin. Lambobin mutum biyu da ke tare da shi su kasance a rubuce a gida.

Jarin matar ya zama daban da kuɗin cefane. Mai ƙuli-ƙuli ko daddawa ko fura da ta fara cin uwar kuɗi don aike ya yi jinkiri, cikin wata guda sana'ar ta mutu. Adashi na taimakawa, amma kwasarsa sai layi ya zo. Asusun mata irin na Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta faro a yankin Maraɗi a 1991, ya fi dacewa da gaggawa: mata ashirin zuwa talatin na zubi duk mako, ana ba da rance daga akwati, ana kuma ware na taimakon rashin lafiya da haihuwa. Wadda ke da shakka kan ƙarin da ake ɗorawa a rancen ta tambayi malami kafin ta shiga, don tsarin ƙungiyoyin ya bambanta.

Izini, da abin yi idan shiru ya yi yawa

Mata da yawa sun wahala a naƙuda, yara sun galabaita da zazzaɓi, ana ta neman layin maigida bai shiga ba. A ba da izini a dunƙule, a gaban mahaifinsa ko wansa da limamin unguwa: awon ciki, haihuwa a asibiti, rigakafin yara, karɓar maganin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara biyar duk wata da damina, gaisuwar rasuwa, duba iyayenta. A faɗi mai babur ko mai motar da za a kira da dare, a ajiye kuɗin mansa a wuri ɗaya da ba a taɓawa. Idan tana da ciki, a lissafa watan haihuwa. Idan ya faɗo cikin damina, aikin gona ba nata ba ne a wannan shekarar, a nemo 'yar'uwa da za ta zauna da ita, a tanadi itacen wankan jego da ragon suna tun yanzu.

Ciyarwa, tufatarwa da wurin zama wajibi ne a kan miji ko yana ina, tafiya ba ta sauke su. Idan aike ya yanke kuma waya ta daina shiga, matakin farko dangin miji da waliyyinta, sannan mai unguwa. Idan wata biyu ko uku sun wuce ba bayani, ta kai maganar gaban alƙali, a Nijar kuma gaban sarki ko alƙalin gari. Wannan ba neman saki ba ne, kuma ba tona asiri ba ne. A mazhabar Malikiyya, idan miji ya dawo ya ce yana aikowa ita ta ce bai aiko ba, maganarta ake kamawa tun daga ranar da ta kai ƙara, kuma abin da ta ciyar da kanta alhali yana da hali bashi ne a kansa. Alƙali na iya ba da umarnin a ciyar da ita daga dukiyar da ya bari, hatsi ne ko dabba. Wanda ya ɓace ɗungurum ba a san yana raye ko ya mutu ba, idan ya bar abin ciyarwa, jiran shekara huɗu ake yanke mata bayan an yi bincike, sannan idda ta wata huɗu da kwana goma, kuma lissafin ba ya farawa sai maganar ta je gaban alƙali. Idan bai bar komai ba, alƙali ba ya sa ta jiran wannan tsawon. Saboda haka ta riƙa ajiye shaidar duk abin da ta kashe daga jarinta, a littafi ko a bakin mutum biyu amintattu, da ranar aike na ƙarshe da adadinsa.